Yarinyar da Kogi Ya Riƙe

Tatsuniyoyina duk a bakin kakata na ji su, ban da guda ɗaya. Wannan ni na ƙaga ta. Yarinya ce ta je wanki bakin kogi da ƙanenta, kogi ya ɗauke yaron. Ta ce, kogi, ba ni ƙanena. Kogi ya ce ba ni ɗankunnenki, ta ba shi. Ya ce ba ni zanenki, ta ba shi. Ya ce to, ba ni ke. Sai ta shiga, ta turo yaron gaɓa, ita kuwa ta zauna can ƙasa tana yi wa 'ya'yan ruwa kitso har yau.

Jikokina duk sun haddace ta. Abin da ba su sani ba, yarinyar 'yata ce ta fari, shekararta tara, yaron kuma ubansu ne, yana da uku. Ranar da abin ya faru, marigayi mijina ya ce kada a taɓa gaya wa yaron, kada ya tashi da nauyin rai a wuyansa. Aka ce masa zazzaɓi ne ya ɗauke yayarsa. A garinmu kuwa uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata kuka a gaban mutane. Ban kira ba, ban yi kuka ba. Na rasa inda zan ajiye ta, sai na ajiye ta a cikin tatsuniya.

Ana nan, ana nan, soja suka koma bariki, ɗan nan nawa ya zama babba a wata ma'aikata a Abuja. Ya ɗauko ni saboda ciwon ido, na zo da niyyar wata guda, na shekara huɗu. Lokacin garin tsirowa yake yi. In ka wuce fili yau, in ka dawo bayan salla sai ka tarar da bene. Kowa ya sayi wayar hannu, kowane falo da na'urar kallon faifai.

Babbar jikata tana jami'a, tana karatun shirya fim. Wata rana ta zo ta zauna a gefen katifata da ƙaramar rikoda.

"Tsohuwa, ara mini tatsuniyar kogi. Zan yi aikin kammala karatu da ita."

"Aro, ƙawata? Ke da kika ari turarena tun bara?"

Ta yi dariya, na yi dariya, na ba ta. A zatona malaminta zai saurara ya sa mata maki, shi ke nan.

Bayan wata biyar, ranar wata Asabar da la'asar, surukata ta tara ƙawayenta na ofis a falo, za a kalli fim ɗin yarinya. An soya kaza, an kawo lemon kwalba. Aka zaunar da ni a kujerar tsakiya, wai ni ce mai labari. Ɗana ya zauna daga bakin ƙofa da jarida, kamar ba kallo ya zo ba.

Aka kunna. Ga ruwa, tafkin Jabi ne, na gane shi, ta nan muke bi zuwa asibiti. Ga yaro. Ga kuma yarinyar, amma ba yarinya ba ce, budurwa ce cikakkiya, ta sha jan baki, wai wanki ta zo. Yaro ya faɗa ruwa, ta bi shi. Nan na riƙe hannun kujera, don ihun da ta yi ya yi kama da muryar 'yata. Sai ga wani saurayi a cikin kwalekwale, ɗan sarkin masunta, ya tsamo su su biyu. Kafin rigarta ta bushe sun fara kallon juna. Kalmomin da nake rerawa a hankali, kogi ba ni ƙanena, su aka sa wa kiɗa, suna rawa a kan ciyawa, ta canja kaya sau huɗu a waƙa ɗaya. Aka ƙare da biki.

Mata suka tafa. Sannan gardama ta tashi, irin wadda suke yi a kan kowane fim.

Wata doguwa mai tabarau, darakta ce a wurinsu, ta ce, "Ni matsalata ɗaya. Kullum sai namiji ya zo ya ceci mace? Haka finafinan Turawa na yara suke, gimbiya tana barci tana jiran miji. Ni na hana 'yata kallonsu."

"Haba, anti," in ji wata. "Ke da Oga ya cece ki daga gidan haya a Karmo?"

Aka kwashe da dariya.

Wata kuma, mutuniyar kudu ce, da Hausarta ta Abuja, ta ce, "Ni dai yaron nan mai jirgi ya yi mini. Amma yarinyan ba shi da wayo. Ba ka iya ruwa ba, me ya kai ka? Sai ka tsaya ka yi ihu, manya su zo."

"Gaskiya ne," in ji surukata. "Ganganci ne. Da saurayin bai zo ba, an yi asarar biyu."

Ranar da abin ya faru, manya suna gona. Ni ina gida ina daka. Ni ce na ce ta tafi da shi don ya dame ni da kuka.

Na tura carbina ƙarƙashin mayafi. Na ce a raina, shekara arba'in da wani abu kin yi shiru, ki ƙara yini ɗaya. Su ci kazarsu su tafi.

Sai mai tabarau ta juyo. "Hajiya, ke za ki raba mu. A ta asali, wa ya cece ta? Kuma ta aure shi, ko ta ƙi?"

Jikata ta matso ta dafa gwiwata, idonta yana roƙona. "Tsohuwa, na ɗan gyara ƙarshen ne. Malam ya ce ba mai sayen fim ɗin da jaruma ta mutu babu soyayya. Ai tatsuniya ce, kowa da yadda yake ba da ita, ko?"

Da a nan ta tsaya, da na ce haka ne. Amma ta ƙara, tana dariya, "Kuma ai na yi mata gata, na sama mata miji."

Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ba wanda ya zo. Babu kwalekwale a kogin nan. Kuma ba ta isa aure ba, ko haƙoranta na gefe ba su gama fitowa ba."

Mutuniyar kudu ta fara dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta bari.

"Ba ganganci ba ne," na ce. "Ta iya ruwa. Yaron ne ya yi mata nauyi."

Ban dubi bakin ƙofa ba, amma na ji an ninke jarida. Surukata ta miƙe da sauri tana cewa a ƙara lemo, Hajiya ta gaji, maganin idon nan yana sa ta magana. Baƙi suka fara neman jakunkunansu. Jikata ta cire faifan ta shige ɗaki, ta rufe.

Kwana biyu suka wuce. Ran Litinin ɗana ya sallami direba, ya ce shi zai kai ni asibiti. Muna tafe, muna tafe, da muka zo daidai tafkin sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari.

"Inna, ba zazzaɓi ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Tun ina yaro ban son wanka a rafi. Kuna ce mini matsoraci."

"Mun ce."

Motoci suna wucewa suna girgiza tamu.

"An same ta?"

"Bayan kwana biyu, a ƙasan gari."

"Ina aka sa ta?"

Na ce ban sani ba, mata ba sa rakiya. Cikin waɗanda suka kai ta, kawunsa kaɗai ya rage, shi ma ƙafa ta ƙi.

Ya tayar da mota, muka je aka ɗiga mini magani, muka dawo. Ran Juma'a bayan masallaci ya sa kaya kala biyu a jaka, ya shiga mota zai tafi garinmu wurin kawun nasa. Jikata ta fito da gyalenta a hannu, ba ta tambayi kowa ba, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga.