Tazargade a Littafin Baba Dafina

A bakin kakata, Baba Stoyna (a wajenmu Baba ake ce wa kaka da kowace tsohuwa), na fara jin sunan Dafina, kuma da tsawa na ji shi. Ina 'yar ƙarama na tsallake shingen lambunmu na nufi filin da ke bayan maɓuɓɓuga, inda ciyawa ke fitowa a zagaye, launinta ya fi na sauran duhu. Kakata ta cafko ni ta wuyan riga ta ce, "Ke Nevena, so kike ki zama Dafina?" A zatona sunan wata cuta ce irin su ƙyanda. Sai da na yi wayo na gane tsohuwar nan ce da mu yara ke kira Baba mai zuma, mai gidan ƙarshe a hanyar gonakin inabi, kuma yayar kakar tawa ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da ya same ta kowa a ƙauyenmu ya haddace shi. Tana budurwa ƙarama ba wadda ta kai ta iya rawa. Sai makon Rusali ya zo, makon farkon zafi da ake bar wa aljanun daji, matan nan masu fararen riguna waɗanda ba ma kama sunansu, sai dai mu ce Masu Zaƙi don su ji daɗi su ƙyale mu. A makon ba a wanki, ba a shiga gonar inabi, ba a barcin rana a waje, kuma kowace mace tana soke reshen tazargade a ƙirjin rigarta, domin ba sa son ɗacinsa. Dafina ta bi sawun 'yar akuyarsu da ta ɓace, ta ratsa filin nan da tsakar rana. Da yamma zazzaɓi ya kayar da ita, kafin a ankara ƙafar hagu ta shanye. Likitan birni ya ce shan inna ne. Ƙauye ya ce ta taka musu wurin cin abinci. Uwarta ta yi ta kai burodi shafe da zuma bakin filin tana ba su haƙuri, har ta mutu ƙafar ba ta dawo ba.

Ba wanda ya wulaƙanta ta a fili. Saurayin da ke zuwa ƙofar gidansu ya rage zuwa ne kawai, daga baya aka ji kiɗan bikinsa da wata. Ta yi shekaru a rumfar taba ta gonar haɗin gwiwa tana jera ganye a zare, domin aiki ne na zaune. Da aka watse gonar ta koma ga amyoyin mahaifinta. Ta kan ce ta fi jituwa da ƙudan zuma, domin su idan za su harbe ka ba sa fara gaishe ka. Masu ciki sukan sauya hanya idan sun hango sandarta, amma ba gidan da ba a shan zumarta. Gidan karatu na ƙauye kuwa, wanda ɗakin littattafai ke ƙasansa, zauren taro da rawa ke samansa, tun da ta kwanta ciwon nan ba ta sake taka matakalarsa ba.

Ina sakandare idanun Baba Dafina suka fara dushewa, kakata ta riƙa aike ni wurinta da kindirmo da burodi. A shekarar ne littafin ya zo. Wata matashiya ce daga Sofiya, babban birninmu, ta rubuta shi don matasa, kwafi ɗaya tak aka aiko mana, bangonsa baƙi da hoton ƙafa ba takalmi a cikin ciyawa. Labarin wata yarinya ce Bisera, wadda ta taka wa Masu Zaƙi wurin cin abinci, suka karɓi ƙafarta diyya, ita kuma ta ɗauki sanda ta bi su har fadarsu a ƙarƙashin tafki ta ce a ba ta kayanta. Ba aljanun tatsuniyar yara ba ne. Kyawawa ne marasa imani, masu sa makiyaya rawa har zuciyarsu ta fashe, suna dariya.

Kawu Grozdan mai kula da gidan karatu, wanda ya saba da tsofaffi masu zuwa karanta jarida da jin ɗumin murhu, ya wayi gari ana layi a ƙofarsa. Ƙawata Rumyana ta karanta ta yi kuka, ta ce sai ta sake. Ɗan bakanike ya ce shirmen mata ne, sannan ya aro shi da sunan ƙanwarsa wadda ko harafi ba ta fara haɗawa ba. Malamar adabi ta ce jinin ya yi yawa. Matar limamin coci ta karɓa don ta tono aibinsa, ranar da za ta mayar ta roƙi a ƙara mata kwanaki. Tsofaffin mata kuwa abu ɗaya ya dame su: a kowane shafi an rubuta ainihin sunan Masu Zaƙi, ƙuru-ƙuru, ba sakayawa.

Da layi ya zo kaina, na tafi da shi gidan Baba Dafina, tana zaune gindin bishiya tana kankare kakin zuma.

"Mene ne kike rungume da shi kamar jariri?"

Na faɗa mata, ina kame-kame. Ta ajiye wuƙar.

"Karanto mu ji ƙaryar 'yan birni."

Na fara. Duk inda na iso sunan sai in ce Masu Zaƙi, kamar yadda aka koya mana. Ba a je ko'ina ba ta buga sandarta a ƙasa.

"Haka aka rubuta?"

"A'a, Baba."

"To karanta yadda aka rubuta. Me ya rage su ɗauka? Ɗaya ƙafar? Su zo, dama ta ishe ni da ciwon gwiwa."

Daga ranar kullum bayan makaranta nake zuwa. Ba ta sauraro shiru. Ta zagi uwar Bisera, ta ce marubuciyar ba ta taɓa tatsar akuya ba, ta ce sarauniyar tafkin sak matar tsohon shugaban gonar haɗin gwiwa. Amma da aka zo inda mata suka kewaye gadon yarinyar suna ce mata ta yi haƙuri, ita kuma ta ɗauki kwanon miya ta maka a bango, Baba Dafina ta ce in maimaita. Tun tana budurwa ake ba da labarinta a gabanta da bayan idonta, kuma a duk bakin da ya fito ita ce mai laifin da ta karɓi hukunci ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa jin wanda ya ba yarinyar izinin yin fushi ba. Ta so ta san abin da za a yi da mai fushin a ƙarshe, son da ta manta rabonta da yi wa wani abu irinsa.

Saura babi biyu wa'adina ya cika, littafin ya koma hannun Rumyana, ga makon Rusali ya kama. Ita da wasu 'yan mata suka sa fararen riguna suka tafi filin da tsakar rana, suna ɗaukar hoto suna karanta sunan da ƙarfi. Rumyana ta yanke jiki ta faɗi, ta kwana da zazzaɓi. Malamar asibiti ta ce rana ce ta buge ta. Mahaifiyar Rumyana, Zlatka, ba ta saurara ba. Ta naɗe littafin a tsumma ta dangwarar gaban Kawu Grozdan, ta ce murhu ne wurinsa. Ya kulle shi a kabad, ya ce ba shi da ikon ƙona kayan jama'a, a bari kwamiti ya zauna ranar Lahadi bayan coci.

Na ce wa Baba Dafina zan sa a sayo mana wani daga birni, mu ƙarasa ba wanda ya sani.

"A ɓoye? Kamar mai satar ƙwai? Wancan na fara, shi zan ƙarasa."

Ranar Asabar sai ga Zlatka da kanta, idanu sun kumbura. Ta zauna bakin dakali ta ce, "Baba, ke kaɗai za su saurara wa. Ki zo su gan ki, su tuna abin ba wasa ba ne."

Baba Dafina ta juya fuska inda muryar ke fitowa. Ta san tsoron nan, irinsa ne ya tsufar da uwarta. Ta kuma gane abin da ake roƙonta: ta zo ta tsaya a kalli ƙafa.

"Yaya yarinyar?"

"Ta sha romo da safe."

"Tana motsa yatsun ƙafa?"

"Tana yi."

"Madalla. Zan zo."

Ta zo ɗin. Ta sa baƙin siket ɗinta na coci, tazargade a ƙirji kamar kowa. Ni ina riƙe da hannu ɗaya, kakata na biye da kujera wai ko za ta huta a tsakiyar matakala.

"Stoyna, ki daina bi na da kujera kamar gawa ce za a ɗauko."

"Yaya, in kika faɗo a kaina za ki faɗo."

"Da kin yi amfani sau ɗaya a rayuwarki."

Sannu a hankali ta kai zauren. Ta tsaya ta shaƙi iskar wurin, ta ce ashe har yanzu ba a sauya katakon ƙasan ba. Zlatka ta yi nata jawabin, mata na gyaɗa kai. Malamar adabi ta ce ita ba ta yarda da aljanu ba, amma littafin ya yi wa yara nauyi. Sai Kawu Grozdan ya juyo ya ce, "Baba Dafina, ko kina da abin cewa?"

Ba ta tashi ba. Ta ɗora hannuwa kan sandarta.

"Zlatka ta ce in zo ku gan ni. To ga ni, ku kalla da kyau, yau kyauta ne. Ban san wanda ya ɗauki ƙafata ba. Likita ya faɗi nasa, uwata ta faɗi nata, duk sun mutu ba su sasanta ba. Abin da na sani, ba wanda ya karanta mini littafi kafin ta tafi. Kun yi ta tsorata 'ya'yanku da sunana, ke Zlatka da shi aka tsorata ki, ban ce uffan ba. Yanzu an sami wata a birni ta rubuta yarinya irina da baki, da zuciya, ta tafi neman hakkinta, shi ne za ku sa a murhu ban ji ƙarshe ba?"

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Sunan ne, Dafina. A kowane shafi, kuma a wannan makon."

"Wannan gaskiya ne. Grozdan, miƙo shi nan."

Ya buɗe tsumman ya miƙa mata. Ta zare tazargaden ƙirjinta, ta lalubi tsakiyar littafin, ta kwantar da reshen a ciki ta rufe.

"Abin da ke tsare ƙirjin mace zai tsare takarda. Ko kuna cewa tazargaden iyayenmu ba ya aiki?"

Ba wadda za ta iya cewa haka a makon Rusali. Aka yi ta kallon juna. Matar limamin coci ce ta fara tasowa, ta zare nata ta sa a babin da ta ce ya fi muni, kuma ba ta yi laluben shafin ba. Dariya ta ɓarke. Zlatka ba ta yi dariya ba. Ta ce ita dai kada a sake fita da shi filin nan, kuma kada a ba da aronsa a wannan mako, bana da kowace shekara. Baba Dafina ta ce wannan maganar uwa ce, ta goyi baya. Kafin a tashi Zlatka ta sa nata reshen a bangon ƙarshe. Har yau littafin yana nan, ya kumbura ba ya rufuwa, kuma duk wanda ya aro shi sai jakarsa ta yi kwanaki tana ƙamshin ɗaci.

Da makon ya fita na karanta mata babi biyun. Bisera ba ta sami ƙafarta ba. Sarauniyar ta ce za ta mayar mata idan ta yarda ta zauna cikinsu ta manta da kowa nata, yarinyar ta tofa yawu a tafkin ta dawo gida da sandarta. 'Yan ajinmu sun tsani wannan ƙarshe, Rumyana har cewa ta yi za ta rubuta wa marubuciyar ta gyara. Ni kuwa tsoro nake ji in ɗago kai. Da na ɗago, Baba Dafina murmushi take yi.

"Wannan yarinyar ta birni ba ta san akuya ba, amma ba maƙaryaciya ba ce."

Ta rayu wasu shekaru bayan haka, kuma duk bikin da aka yi a zauren sama sai an hau da ita, ta zauna kusa da makaɗa tana gyara wa masu rawa kuskure da bakin sanda. Kakata ba ta sake tsorata wani jika da sunanta ba.

A kakar ƙarshe da muka tace zuma tare, ta kama hannuna da yatsunta masu danƙo ta ce, "Nevena, na san ke ce mai tattara labaran gidan nan. Idan kin zo kan nawa, kada ki warkar da ni a ƙarshe don mutane su ji daɗi. Ki bar ƙafar yadda take. Amma ki faɗa musu na iya rawa."