Tafin Hannun Ɗana a Takardar Siminti

Shekarun baya can, lokacin da kwanon masara ya gagari talaka, ina zaman aure a wani ƙauye da ke gefen Bichi. Jiya wata daga cikinku ta turo min hoton 'yarta ta yi dama-dama da fenti tana dariya, sai wani tsohon takaici ya taso min. Bari in ba ku labarin ko na samu in huce.

Mijina yana leburanci a Bachirawa, can birni, inda ake ta gine-gine, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Ni da ɗana muna babban gida tare da surukata da yayan mijina da iyalinsa. Yaron ya wuce shekara uku bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Yana ji sarai, in ka kira shi zai waiwayo, amma baki gum. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi, shiru. Ga shi ɗan fari, in na cika ɗaukarsa a gaban mutane sai a ce ba ni da kara. To ni kara ta dame ni? Burina a duniya in ji muryar yaron nan.

Kafin aure na ɗan taɓa karatun malanta, hali ya hana in ƙarasa. Abin da ya maƙale min a ka shi ne yadda wata malamarmu ta koya mana barin ƙananan yara su yi wasa da launi, wai yana sake musu jiki. Fenti kuwa a lokacin, wanda bai ci ya ƙoshi ba ina zai gan shi? Sai na haɗa nawa. Tukar zoɓo na sake tafasawa ta ba ni ja, na daka gawayi na samu baƙi, gangamau ya ba ni ruwan ɗorawa, na jiƙa farar ƙasa. Kowanne na zuba masa ruwan ƙaro don ya kama. Ban sa shuɗin wanki ba, don na san komai baki suke kai shi. Takarda kuwa buhunan siminti ne da mijina ke kawowa, in yage na ciki in kakkaɓe in goge tas.

Ranar farko ni ce na fi yaron zumuɗi, har zanen fita na ɓata. Na tsoma tafinsa a ruwan zoɓo na danna a takarda na ɗaga. Ya kalli takardar, ya kalli hannunsa, ya sake kallon takardar. Sai ya ƙyalƙyale da dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Kafin a jima yaran maƙwabta sun cika min ƙofar ɗaki. Muna mirgina totuwar masara a launi ta fitar da zane kamar na tabarma, muna dangwala kan kuɓewar da aka yanke aka zubar ya fito kamar tauraro, muna tauna bakin kara ya zama abin shafawa. Amma tafin hannu suka fi so. In sun gama in jera takardun a igiyar shanya, kowa ya san tasa. Ɗana da ba ya shiga yara ya fara kutsawa cikinsu, yana jan zanena yana nuna kwanon da yake so, yana wani gurnani kamar magana na cin sa. Ni na san mun kusa.

Ku tuna irin lokacin. An sha zuwa ƙauyenmu a mota a tara mutane a sa su dangwala yatsa, wai za a kawo taki ko hatsi, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyar kowa. Mutane sun ƙullaci duk wani abu mai kama da dangwale. Sai magana ta tashi wai ina tara hannun 'ya'yan mutane, mijina yana kaiwa birni. Wasu suka ce tallafi muke karɓa da su, wasu suka ce ai abin ya wuce nan, masu tsafi ake sayar wa. Har aka ce da nawa na fara, shi ya sa bakinsa ya ɗaure. Ni fa! Ni da ko fita unguwa sai na nemi izini wajen mutum biyu.

Wata rana da hantsi yayan mijina ya shigo sashenmu ko sallamar kirki babu, mata na biye da shi.

"Ke, wace jaraba ce kika kawo mana gida?"

Na durƙusa na ce, "Yaya, wasan yara ne. Zoɓo ne da gawayi, ga kwanukan nan ka duba."

"Wasa? Ana fama da abin da za a ci ke kina ɗaukar hannun 'ya'yan mutane? Me za ki yi da shi?"

Na juya wajen surukata na ce, "Inna, ke fa kina gani kullum." Ta kau da kai ta ce, "'Yar nan, ni dai ban san abin da ke cikin boko ba."

Ya bi igiya yana fizge takardun yana cusawa a murhu. Matan da jiya-jiya suke turo min 'ya'yansu don su samu sararin surfe, su ne ke cewa, "Gara haka, Allah ya tona asiri." Ina durƙushe ina kallo.

Ta ɗana ce a ƙarshen igiya, jan tafi guda biyu da ya zagaye da ɗigo-ɗigon gawayi. Da ya ga Baffansa ya ciro ta ya nufi wuta, sai ya ruga ya riƙe masa riga, yana nuna takardar, ya ƙwala ihu:

"Hannuna! Hannuna!"

Takardar kuwa ta riga ta faɗa wuta.

Kun san me aka ce? Yayan mijina ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu Akbar! Kun gani ko? Ana ƙonawa bakinsa ya kwance." Mata suka ɗauki kabbara, wata har da guɗa. Aikin da na yi wata da watanni, shi aka mayar shaida a kaina. Na ɗauki yarona a gaban kowa, kara ko ba kara, na shige ɗaki muka yi kukanmu.

Ba a ƙara turo min yaro ko ɗaya ba. Da mijina ya dawo ya ji, haƙuri ya ba ni, ya ce babba ne. Amma bai daina kawo buhunan ba, ni ma ban daina ba, sai dai a ƙuryar ɗaki, ƙofa a rufe. A nan sauran kalmomin suka zo ɗaya bayan ɗaya: ja, baƙi, ƙara, sannan Umma.

Yanzu yaron ya zama saurayi, surutunsa har sai na ce ya rufa min baki. Baffansa kuwa har gobe, in an haɗu da salla, sai ya dafa kansa ya ce, "Ka gode min, ni na buɗe maka baki." Ina jin sa, in haɗiye, in miƙa masa tuwo. Ban taɓa jin wanda ya ce min "mun zalunce ki" ba.

Na yafe tsegumin, don na san wahala ce ta sa mutane zargin inuwarsu. Abin da na kasa haɗiyewa ɗaya ne. Fiye da shekara uku ina jiran kalmar farko daga bakin ɗana. Da ta zo, roƙo yake a bar masa abinsa, kuma ba a bar masa ba.