Amanar da na bai wa Yohanna

Laraba, Zariya zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Sabon Gari, ni da maƙwabcina Yohanna, tsohon makanikin jirgin ƙasa da yanar ido ta cinye wa rabin gani. Ni za ni ganin ɗana Sanusi, direban kamfani a Doha. Shi kuma 'yarsa Rahila, nas, ta haihu a can, za a miƙa jaririyar a coci. Mun yi salla a Kwanar Dangora, wato ni na yi, shi ya yi gadin jakunkuna. Shinge uku muka wuce, duk furfura ta fisshe mu.

Karatuna na zaure a tsakiyar littafi ya tsaya, amma na riski babin amana. Don haka a filin jirgi na gyara murya.

"Fasto, ƙasar Musulmi za mu shiga. A dokar da, wanda ba Musulmi ba in zai shigo fatauci ko ziyara, sai wani Musulmi ya ba shi amana, ko mace ce ta bayar ta zauna. Ba a taɓa jininsa, ba a taɓa kayansa, in ya mutu a kai wa magadansa. In ya gama kuma a raka shi inda hankalinsa zai kwanta. Na ba ka tawa."

"In na zarce fa, Alaramma?"

"Ka wuce shekara, jiziya."

"Kwana goma ne a bizata, taka ma haka."

Shi ba fasto ba ne, ni ba alaramma ba, shekara arba'in ke nan muna cutar juna da sunayen.

Alhamis, unguwar Nu'aija a Doha

Awa shida da ɗoriya a sama. Jami'in fasfo bai tambayi Yohanna wa ya ba shi amana ba, abin da na ɗauka ƙarancin karatu ne. Sanusi ya kai mu Sana'iyya, unguwar ma'aikata, na ga ɗakinsu, mutum shida, gado kan gado. Ya saya mana shayin karak riyal ɗai-ɗai, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gidan Anti Rahila za ka sauka." Haka mai bayar da amana ya kwana a falon 'yar wanda ya bai wa, ya ci tuwon semo har da ƙari.

Juma'a

A can ranar Juma'a Kiristoci ke zuwa coci, don ita ce ranar hutu. Rahila da mijinta Bitrus sun yi gaba ƙarfe bakwai, mota cike da mata da kuloli. Da ta ce za a dawo a ɗauki babanta, sai Yohanna ya ce, "Bar shi, ina da mai amana."

Tunda na yi aure Juma'a ba ta taɓa wuce ni ba, a Doha kuwa kafin sha biyu an tayar. Na lissafa, na ga da sauran lokaci. Muka hau tasi ƙarfe tara saura kwata, minti ashirin muka isa wani babban fili da aka tara coci-cocin bayan katanga guda.

Mai gadin ƙofar Bakatsine ne, magidanci. Ya duba fasfona ya ce, "Baba, Musulmi ba ya shiga."

"Ni ne mai amanarsa."

"Nan kafil muka sani, Baba, mai tsaya wa mutum a biza. Ga kujera."

Wata mata ta ja hannun Yohanna suka shige. Na zauna. In an tambaye ni, fikihu ne ya zaunar da ni, don ba a barin amana a rabin hanya. Gaskiyar kuwa, wayar da takardar adireshin duk suna aljihun Yohanna, ni tasbaha kawai na riƙo. Bakatsinen ya ce tasin nan da waya ake kiransu, tasa wayar kuma tana ofis sai an tashi aiki, masallaci kuwa ba na tafiyar tsoho a wannan ranar ba ne.

Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da kwata na ji kiran salla can nesa. Na fara haɗa abin da zan faɗa wa 'yan zaurenmu: na zo ƙasar Larabawa, na rasa Juma'a a ƙofar coci.

Da rabi sai ga Yohanna yana laluben hanya, yana jan Bitrus da babbar riga.

"Yalla, Alaramma, tashi!"

"An gama?"

"An miƙa ta. Hoto da shinkafa suka rage, su ci abinsu."

Bitrus ya tuƙa kamar an biyo mu. Mun tarar masallaci ya cika har titi, liman ya tashi raka'a ta biyu. Na kutsa tsakanin wasu 'yan Bangaladash biyu, ɗaya ya yago mini rabin kwalin da ya shimfiɗa. Na samu ruku'u. Wanda ya samu raka'a ɗaya ya samu Juma'a, wannan babin ma na riske shi. Da na cike na waiwaya, Yohanna na tsaye cikin rana rungume da takalmana, yana kallon wani dattijo daban yana masa murmushi.

A hoton bikin babu kakan jaririya. Rahila ba ta yi mini magana ba sai da la'asar.

Komawa

Mun sauka Kano ranar Asabar ta sama, muka iso Sabon Gari ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Sanusi, da Bitrus, da mai rabin kwali, da Rahila wadda har yanzu in ta bugo waya sai ta ce a gaishe da wanda ya sace mata uba.