Malam Habu Da Allon Da Ya Ƙi Ƙarya

Ina tankaɗe a tsakar gida a nan Dutse ranar Talata da hantsi, maƙwabciyata Lami ta shigo ta tsaya, ta ƙi zama. Ta ce, "Yaya Asabe, sai haƙuri. Malam Habu na tasha ya rasu, jiya da la'asar aka kai shi." Na ajiye rariya, na ce na Allah muke, wurinsa za mu koma. Da hawaye suka tsaya sai fushi ya biyo, kuma har yau bai sauka ba.

Malam Habu shi ne shugaban tashar jirgin ƙasa ta garinmu, a kan layin Kano zuwa Nguru. Na daɗe ina sayar da dafaffen ƙwai a bakin tashar, kafin a ba mu jiha aikin maigidana ya kawo mu Dutse. A bangon ofishinsa akwai baƙin allo, kullum da safe yakan rubuta lokacin zuwan jirgi. Ni kuwa ina da 'ya'ya huɗu ban iya karatun boko ba. Sai dai in ce, "Baba Malam, me allo ya ce yau?" don in san yawan ƙwan da zan dafa. Wata rana ya miƙo mini guntun alli a gaban sauran masu talla, ya ce, "Asabe, allon nan ba da ni kaɗai yake magana ba." A gindin allon nan na koyi baƙaƙe. Kalmar da na fara rubutawa ita ce jirgi. Ta biyu sunan 'yata ta fari, wanda bakina ba ya faɗa saboda kunya. Ya duba ya yi murmushi, ya ce, "Alli ba ruwansa da kunya."

Sai masu mulki suka janye hannu. Muka ji a rediyo wai babu kuɗin ɗaukar nauyin jirgin fasinja, ya ci da kansa. Jirgin da muka saba da shi ya koma jefi-jefi, daga baya sai ranar da ya ga dama. Aka sallami masu gyaran layin dogo. Malam Habu yakan ce, "Dogo kamar zumunci ne, a ƙafa yake. In aka daina takawa, ciyawa ta gaje shi."

Ina wurin ranar da wani babba ya zo daga babban ofishin jirgin ƙasa ya tarar an rubuta "Babu jirgi yau". Ya ce wannan tonon asiri ne, a goge a sa "Yana tafe". Malam Habu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mace mai goyo za ta kwana uku a kan bencin nan saboda kalma biyu. Hannuna ba zai rubuta ba." Ba a jima ba takardar ritaya ta zo masa.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Ina ɗakin matarsa, Inna Ladi, aka aiko cewa manya sun zo daga ofis, suna ta yabon marigayi a ƙofar gida, har sun yi alkawari jirgi zai dawo. Inna Ladi ta ce, "A me suka zo?" Aka ce a mota. Ta ce, "To a ba su ruwa, su kama hanya tun da rana. Kada su jira jirgi." Ni ko ruwan ban so a ba su ba. Su suka kashe abin da ya tsare tun yana saurayi, sannan suka zo da manyan riguna suna karɓar gaisuwa.

Ba don ƙwai nake wannan fushi ba. 'Yata ta fari tana aure a Ilori, cikinta wata takwas. Haihuwar fari a gida ake yi, gaban uwa, uwa ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa. A jirgi aka kai ta amarya, tana da wurin miƙe ƙafa da wurin alwala. Yanzu sai bas, a cusa ta tsakanin buhuna, direba yana gudu kan ramuka. Sati biyu ina riƙe da takarda na kasa rubuta mata komai. Dangin maigidana suna cewa ta taho, ai an ce jirgi ya kusa dawowa.

Da na dawo daga gaisuwa na zauna na rubuta. Na sa sunanta a sama yadda ya koya mini. Na ce: "Babu jirgi. Kada ki taho. Ki haihu a can, ni zan shiga bas ɗin." Dangi za su yi magana, su yi.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa gaskiyar da ya tsare a allon nan ta yi masa fitila a kabari. Allah Ya ba Inna Ladi da 'ya'yansa haƙuri, Ya rufa musu asiri. Ya sauki 'yata lafiya, Ya kai ni in same ta. Waɗanda suka bar ciyawa ta gaji dogo kuwa, mun bar su da Allah.