Mai Ɗanɗanon Littattafan Baba

Jiya aka kawo kwalin sababbin littattafai makarantar da nake koyarwa. Ina yanke igiyar, ƙamshin takarda da tawada ya buge ni, sai na tsinci kaina a shagon Baba, ina 'yar shekara tara, raina a ɓace.

Mahaifina littattafai yake sayarwa a bakin kasuwa. Sauran masu shaguna sun tsaya kan na addini da na jarrabawa, waɗanda ba sa kwantai. Shi kuwa rabin shagonsa na yara ne, labaran dabbobi masu zane da manyan baƙaƙe. Abokansa suna yi masa dariya, wai wane uba ne zai bar awon gero ya sayi labarin zomo. Ko a jikinsa. Tabarma ya shimfiɗa gefen kantar shagon, duk yaron da ya zo ya zauna ya karanta kyauta.

Yana da wata al'ada. In an aiko masa da samfurin sabon littafi daga Zariya, ba ya cewa a kawo da yawa sai ya sa yaro ya karanta a gabansa. Mai ɗanɗano yake kiran wannan yaro, sai ka ce miya ce. To, mai ɗanɗanon ba ni ba ce. Wata sa'ata ce, 'yar wani baduku a unguwarmu ta Ƙofar Kware, tafin hannunta kullum ja da rinin fata. Ni ce ta ɗaya a aji, ita kuwa bin layi take yi da yatsa tana tuntuɓe da kalmomi. Amma in littafi ya gundure ta, rufe shi take yi ta ajiye, ba kunya.

"Mi kig gani?" Baba zai tambaye ta.

"Baba, wanga babu daɗi. Kurar ba ta ban tsoro."

Sai ya tuntsire da dariya ya mayar da littafin cikin jaka. Baba fa take ce masa! Uban nawa. Ni ina tsaye bayan kanta kamar in haɗiyi zuciya in mutu. Kishinta nake yi, kishi mai hana cin tuwo.

Wata rana da bazara, zafi ya kai takalmin roba na laushi a ƙasa, na tare ta a lungu tana hanyar shago. Na ce mata Baba ya ce jan hannunta na ɓata masa littattafai, kada ta ƙara zuwa. Ta dubi hannayenta, ta cusa su cikin mayafi, ta juya. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Da samfuri na gaba ya zo, Baba ya jira ta kwana uku, sannan ya miƙo mini. Na zauna kan tabarma na karanta tiryan-tiryan, ko gargada babu, ina satar kallonsa. Na ga ya ɗan yi murmushi, sai na ce ai wannan ya fi duk na shagon daɗi. Ya tambaye ni wane wuri ya fi, na ce duka. Duk da haka ya aika aka kawo kwali guda. Yara suka riƙa ajiye littafin tun a shafi na uku. Damina ta zo ta wuce kwalin na nan a kusurwa, har gara ta shiga ƙasansa.

A masallaci Baba ya ji abin da na yi, daga bakin badukun. Na shirya wa bulala, bai ko ɗaga murya ba. Daga ranar, duk samfurin da ya zo sai ya sa shi a aljihun babbar riga bayan la'asar, ya tafi zauren baduku da ƙafarsa. A da ina jin dariyarsu daga bayan kanta, yanzu har ita na rasa. Ran nan na kama bakin rigarsa na ce, "Baba, ni hwa?"

Ya dafa kaina ya ce, "Ke huskata kika karatu, ɗiyata. Ita littahin taka karatu."

Baba ya rasu da daɗewa. Shagon yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki, yara na tsayawa kallon gilashi, babu wurin zama. Ni ke zaɓar littattafan ɗakin karatun makarantarmu, da takardun shaidata da komai, amma har yau ba na iya rantsewa cewa ga wanda yaro zai so. Don haka jiya da yamma na kwashi guda huɗu na tafi Ƙofar Kware wurin 'yar badukun nan. Firamare kawai ta gama, tana ɗinkin jakunkunan fata, jikoki kewaye da ita. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta taɓa ta da maganar ba.

Ta rufe uku ta ture gefe. Na huɗun ta bi shi da yatsa har ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Da Baba na nan, wanga zai ɗauka."

Ban yi musu ba, don ta fi ni sanin ubana. Abin da har yau na kasa yafe mata ke nan.