Layin Da Baba Ilu Yake Ba Ruwa

Har gobe ban manta da ranar da aka ce in je in kankare dashen Baba Ilu ba. Ku da kuka shigo aikin gandun daji kwanan nan, kuna ɗaukar hoton itace da waya ku tura ofis, ƙila ba ku san wannan aiki ba, don haka bari in fara da shi.

Da damina ake dashe. In rani ya yi nisa, malamin daji zai bi layi ɗaya bayan ɗaya, ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon kowane dashe. In ya ga kore a ciki, da sauran rai. In ya ga busasshe, ya mutu, ko da kuwa yana tsaye. Layin da ya mutu sai a daina ba shi ruwa, a jira damina a yi ciko, wato a dasa sabo a gurbinsa. Ganye yana ruɗin mutum, shi ya sa ba a yanke hukunci da ido.

A lokacin ni ne malamin daji mai kula da shingen itatuwan da muka dasa arewa da Mai'adua, don tare rairayin da ke cin gonaki. Saura 'yan shekaru in yi ritaya. Shugaban shiyyarmu yana zaune a Daura, shi nake kai wa rahoto. Masu ban ruwa kuwa mutanen ƙauyukan kusa ne da ake ɗauka na rani, kowa da layinsa. Baba Ilu shi ne dattijonsu. Yana da amalanke da shanun huɗa biyu, yana ɗebo ruwa a jarkoki daga rijiyar ƙauye, ya bi darbejiya da bagaruwar layinsa yana zuba wa kowace a gindi.

Shekarar ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, kafin dashen ya kama ƙasa, rijiyar kuma ta ja baya. Zuwa watan Maris duk wanda ya dubi wurin ya san mun yi asara. Na yi baƙin ciki ƙwarai, domin tun suna cikin leda a lambun reno nake tare da itatuwan nan.

Amma abin da ke cin Baba Ilu ya fi nawa. Ɗansa Habu, magini ne, ya tsallaka iyaka bayan girbi zai tafi Libiya neman aiki. Ya kira daga Agadas ya ce gobe za su shiga sahara, kada a damu in an ji shi shiru na mako guda. Mako ya zama wata, wata ya zama watanni. Tun daga nan Baba Ilu ya daina cin kasuwar Mai'adua, saboda can direbobin da ke fitowa daga Nijar suke sauka, kuma ba ya son wani ya tare shi da labari. Muryar ɗansa kawai yake jira. Wayarsa tana ƙunshe a leda, ɗaure a sandar amalanke inda zai ji ta in ta yi ƙara, kuma kullum da caji.

Ranar da na je da niyyar kankarewa, na gama da sauran layuka, na zo nasa. Ya ga na durƙusa gaban dashen farko, sai ya ajiye jarka ya zo da sauri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Malam Lawal, don Allah bar min nawa."

Na ce, "Baba, ƙa'ida ce. In sun mutu ai wahalar da shanunka kake yi."

Ya ce, "In ba a kankare ba, ban san sun mutu ba. Ina tashi da asuba in san inda za ni. In ina ƙirga jarka, ina kallon gindin itace, kaina yakan yi shiru. In ka zaunar da ni a gida, ni da uwar yaron nan sai mu yi ta kallon juna. Ba zan iya ba, Malam."

Na tashi na karkaɗe gwiwa. Na hau babur na nufi Daura.

Shugabanmu mutum ne mai tsare ƙa'ida, ba ya son dogon zance. Na zayyana masa komai. Ya tambaye ni shanun na wane ne. Na ce na Baba Ilu ne. Ya ce, "To rahoto dai dole ya zo, kuma gaskiya za ka rubuta. Amma ban san wata doka da ta hana mutum zuba ruwa a ƙasa da shanunsa ba." Na ce, "Na gode, Yallaɓai." Ya ce kada in gode masa, in je in yi aikina.

Washegari na jira har amalanken Baba Ilu ya juya zuwa rijiya. Na bi layin da sauri kamar ɓarawo, ina kankarewa can ƙasa kusa da saiwa, ina turo yashi in rufe wurin. Daga farkon layi har ƙarshensa ban ga kore ba. Na rubuta haka, na kai Daura. Aka sallami masu ban ruwan da layukansu suka mutu, na gaya wa Baba Ilu aikin rani ya ƙare a takarda, amma ba wanda zai hana shi zuwa. Bai tambaye ni dalili ba.

Haka ya ci gaba har cikin bazara, lokacin da zafi ke hana ko akuya yawo. Abokan aikina suna ta tsokanata, wai na buɗe sabon sashe na shayar da itacen girki. Nakan yi dariya, amma in na hango shi daga nesa, shi kaɗai a fili yana sunkuyawa gaban busasshen kara, sai in rage gudun babur. Wani lokacin in tsaya in kama masa jarka. Muna hirar farashin dusa, da kofaton sansa da ya tsage, da wanda zai yi limancin Idi. Sunan Habu bai taɓa fitowa ba.

Wata ranar Litinin da hantsi ina wurin, sai ga ƙanen Baba Ilu tafe a ƙasa tare da limamin ƙauyen da wani saurayi ramamme. Ganin liman a fili a wannan lokaci ya ishe ni bayani. Saurayin abokin tafiyar Habu ne. Motarsu ta lalace a tsakiyar sahara, ruwansu ya ƙare kafin wata motar ta biyo. Shi yana cikin waɗanda aka tsinta da rai. Habu ba ya ciki, kuma a can suka binne shi.

Baba Ilu yana riƙe da jarka rabi. Ya yi salati, ya dubi ruwan da ke hannunsa ya daɗe. Sannan ya ƙarasa zuba shi a gindin dashen da ke gabansa, ya bi su.

Bayan sadakar bakwai ya dawo. Babu amalanke, babu waya. Na same shi durƙushe a farkon layi, ya tone yashin da na rufe.

"Na ga wannan tun ranar da ka yi, Malam Lawal. Allah ya saka da alheri da ba ka faɗa ba."

Ya sa farcensa ya kankare da kansa, ya duba, ya tumɓuke. Ya matsa zuwa na gaba. Na ce ya bari leburori su yi, ya girgiza kai. Sai da ya kai ƙarshen layi, ya tara su wuri guda, ya share hannu a riga.

Ya ce, "Kada a cike ramukan, damina ta kusa. Kuma masu gaisuwa sun watse, gidan ya yi shiru. Ka nema min abin yi gobe."

Na kai shi lambun reno, inda ake cika leda da ƙasa da taki. Can ya zauna har aka yi ciko.

A makaranta an koya mana cewa ruwan da aka zuba wa mataccen dashe asara ne, kuma haka ne a rahoto. Amma ku da za ku riƙe layuka bayanmu, in kun ga mutum ya nace wa aikin da kuka san ba shi da amfani, ku tambayi abin da ya baro a gida kafin ku karɓe masa jarka. Ni dai na yi shekaru ina kankare itace ina faɗin wanda ya mutu ba tare da na ji komai ba. Tun daga layin Baba Ilu, ban sake sa farce a ɓawo ba sai na waiga na ga wa ke tsaye a bayana.