Ranar da Man Sarƙa Ya Ƙi Fita

Sarkin Sama ake ce masa, don tun yana saurayi babu bishiyar da ya kalla ya ce ta yi tsawo. Da injin yankan itacensa ya yi aure, da shi ya rufa ɗaki, shi ne kuma ya toshe masa kunnen hagu. Idan ya zauna a bakin shago labarinsa ɗaya ne: shi bai san tsoro ba.

Ran nan surukarsa ta aiko. Reshen mangwaro ya tsage, ya rataya a kan rufin ɗakinta. Ya zo da igiya a kafaɗa, ya ɗaga kai, sai ga hawainiya kwance a kan reshen tana juya masa ido ɗaya. Duk duniya babu abin da ke ba shi tsoro kamarta, kuma ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

Allah ya taimake shi, da ya tayar da injin ya nuna bakinsa ga wani kwali don ya gwada ko man da ke jiƙa sarƙarsa na fita, ko ɗigon mai bai fantsama ba.

"Inna, man sarƙa ba ya fita," ya ce, yana ɓoye murna. "In na yanka a bushe, ƙarfe zai yi zafi, sarƙa ta tsinke."

"To, ɗan nan, gyara. Ina nan zaune."

Ya kwance sarƙar, ya zare ƙarfen da take zagayawa. Nan take ya ga matsalar: garin katako ya toshe ɗan hujin da mai ke bi. Sai ya ɗauke kai. Ya juye tanki, ya wanke abin tace mai, ya busa tiyo har kumatunsa suka yi ciwo, ya shinshina man ya ce ƙila ya tsufa. In ya saci kallon sama, sai ya ga baƙuwar ko ƙafa ba ta ɗaga ba.

Matarsa ta shigo, ta tsuguna kusa da shi.

"Maigida, wannan hujin fa?"

"Na ado ne."

"Ado da datti a ciki?"

Kafin ya buɗe baki ta soka tsinken tsintsiya, baƙin curi ya fito. Dole ya ɗaura sarƙar, ya ja igiyar inji. Mai ya feso, ya ja layi a kan kwali, ya ƙarasa a kan zanin da Inna ta shanya.

"Yanzu kuma ya yi yawa," in ji shi.

Iska ta kaɗa, reshen ya yi ƙara, kwanon rufi ya lotsa. Sarkin Sama ya dubi rufin, ya matsa kusa da tsohuwar, ya rage murya.

"Inna, akwai hawainiya a sama."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ɗauko doguwar sanda, ta lallaɓo hawainiyar, ta kai ta bayan katanga. Shi kuwa ya haye kamar biri, ya ɗaure reshen, ya sauke shi gunduwa-gunduwa.

Yana naɗe igiya ta ce, "Kwantar da hankalinka, bakina a rufe yake."

"Allah ya ƙara girma, Inna."

"Amin. Gobe da wuri ka dawo, bishiyoyin bayan gida ma duk suna son aski."